Gwanjon da Ke Biyan Kuɗin Jinya: Yadda Ake Tafiyar da Shagon Sadaka na Hosfis a Ingila

A Birtaniya akwai gidajen jinya sama da 200 da ake kira hosfis. Wanda likitoci suka tabbatar cutarsa ta gagari magani, sankara ce ko ciwon zuciya ko na huhu da ya yi nisa, shi ake karɓa a can, a rage masa zogi, a kula da shi da iyalinsa har sa'i ya yi. Da yawa ma a gidajensu ma'aikatan jinyar suke bin su. Cicely Saunders ce ta kafa na farko irin na zamani, wato St Christopher's, a unguwar Sydenham da ke kudancin Landan a 1967, bayan ta yi aikin nas, ta yi na jin daɗin jama'a, sannan ta koma makaranta ta zama likita. Majinyaci ba ya biyan ko kwabo. Gwamnati kuwa, a Ingila, wajen kashi ɗaya cikin uku kawai take ɗauka na abin da hosfis na manya ke kashewa, na yara ma bai kai haka ba. Sauran sai an nemo shi daga wasiyyar mamata, da gudummawar jama'a, da kuma shagunan da ke sayar da kayan da mutane suka bayar sadaka. St Christopher's kaɗai yana da irin waɗannan shaguna fiye da 20 a kudu maso gabashin Landan.

Al'adar ta girmi hosfis ɗin kansa. A ƙarshen 1947 ƙungiyar Oxfam ta buɗe shagonta na farko a lamba 17, titin Broad Street a birnin Oxford, kuma har yau yana nan yana ciniki. Yanzu shagunan sadaka a faɗin ƙasar sun kai wajen 10,000. Hukuma tana sassauta musu: ana yafe musu kashi 80 cikin 100 na harajin gine-ginen kasuwanci, ƙaramar hukuma in ta ga dama ta yafe sauran kashi 20 ɗin, kuma ba a ɗora harajin VAT a kan kayan sadakar da suka sayar. Sai dai da sharaɗi. Dole ne akasarin abin da shagon ke sayarwa ya zama kayan da aka bayar kyauta. Manajan da ya cika kantoci da sababbin katunan Kirsimeti da kyandirori na sari har suka rinjayi kayan sadaka, to yana wasa da wannan rangwame.

Sabon manaja yakan shigo da tunanin cewa tun da kayan kyauta ne, duk abin da aka sayar riba ce. Lissafin wata na farko ne ke farkar da shi. Akwai haya, da kuɗin wuta, da inshora, da albashinsa da na mataimakinsa, da man motar ɗaukar kaya, da kuɗin kwashe shara, kuma waɗannan su ke cinye mafi yawan cinikin kafin komai ya isa hosfis. A watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya koma fam 12.21 a awa, kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya kuma ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin 100. Shago na iya cika maƙil da masu saye amma ɗan abin da yake miƙa wa hosfis bai taka kara ya karya ba. Saboda haka aikin manaja yana farawa ne daga bakin ƙofa, inda kaya ke shigowa.

A nan shagon hosfis ya bambanta da sauran shagunan sadaka. Da yawa daga masu kawo kaya mutane ne da hosfis ɗin ya yi jinyar mijinsu ko uwarsu ko ɗansu. Mace za ta shigo da akwati ɗauke da kwat-kwat na mijinta da takalmansa, wata uku bayan rasuwarsa, ta ajiye a kan kanta ta kasa sakin hannun akwatin. Ana koya wa duk wanda ke tsaye a wurin ya bar abin da yake yi, ya saurare ta, ya yi godiya, kada ya buɗe akwatin a gabanta, kada kuma ya nuna alamar cewa wani abu a ciki ba zai sayu ba. In ta nuna tana son magana, a ba ta takardar da ke ɗauke da lambar sashen hosfis mai kula da masu zaman makoki. Akwai wata dabara ta tausayi da shaguna masu rassa ke yi: a tambaye ta ko tana son a kai kayan wani reshe mai nisa, don kada ta fito cefane ta ci karo da rigar mijinta a gilashin shago ko a jikin maƙwabci. Wanda aka yi wa haka ba ya mantawa, kuma shi ne zai kawo kaya baɗi, ya kuma gaya wa danginsa.

Kafin mai kawo kaya ya juya, tambaya ɗaya ce ba a so a manta da ita: kana biyan haraji a Birtaniya? In ya ce e, sai a roƙe shi ya cike takardar Gift Aid. Tsarin ya tanadi cewa duk fam 4 da mai biyan haraji ya bayar sadaka, hukumar haraji ta HMRC za ta ƙara wa ƙungiyar fam 1 daga harajin da ya riga ya biya. Da yake a kan kuɗi tsarin ke aiki, sai shagon ya zama wakilin mai kayan, ya sayar a madadinsa, shi kuma ya bar wa hosfis kuɗin. Ana ba shi lamba tasa, a manna ta a jikin kowane abu da ya kawo, na'urar karɓar kuɗi ta karanta ta lokacin sayarwa, daga baya a rubuta masa wasiƙa a gaya masa abin da kayansa suka kawo. Rigar sanyi ta fam 8 ta koma fam 10 ke nan ba tare da mai saye ya ƙara sisi ba. Wurin da ake samun matsala shi ne ɗakin baya, inda ake tantance kaya: buhu ya shigo da lambarsa, takardar ta faɗi, kayan suka cakuɗe da na wasu. Don haka da alƙalami mai kauri ake rubuta lambar a jikin buhun nan take. Manna lambar wani a kan kayan da ba nasa ba don a ƙara samun kuɗi kuwa zamba ce, kuma HMRC na binciken littattafai, tana iya karɓe abin da ta bayar.

Kayan da aka jibge a bakin ƙofa da dare yawanci asara ne. Ruwa ya jiƙa su, wasu sun farke ledojin sun tsince na kirki, hukuma kuma tana ɗaukar hakan a matsayin zubar da shara a titi. Allo mai nuna lokutan karɓar kaya yana rage wannan, haka ma faɗin gaskiya ranar da ɗakin baya ya cika: yau ba ma karɓa, a dawo jibi.

Ɗakin baya ne zuciyar sana'ar. Tebur ne mai faɗi a tsakiya, da safar hannu, da buhuna a rataye kewaye da shi. Ba a zura hannu cikin buhun da ba a ga cikinsa ba. Juye shi ake yi a kan tebur, domin an sha tarar da fasasshen kofi, da reza, da allurar asibiti, da ƙazantar da ba a faɗa. Kowace riga sai an ɗaga ta ga haske, a duba wuya da hammata da bakin hannu, a ja zik a ga yana tafiya, a ƙirga maɓallai, a shinshina. Sai aljihu, ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi sukan ɓoye kuɗi a aljihun kwat ko cikin littafi, zobe yakan maƙale a kusurwar jaka, hotunan iyali da takardun banki sukan biyo kayan mamaci. Irin waɗannan ana rubuta su a littafi, a kulle, a nemi mai su. Lambar Gift Aid ɗin nan ma takan taimaka a gano wanda ya kawo buhun.

Hukunci a kan kowane abu na ɗan daƙiƙu ne: wannan na kanti, wannan na ajiya har lokacinsa ya zo, wannan na 'yan tsumma, wannan na bola, wannan kuma a ware shi gefe a bincika darajarsa. Yawancin shagunan ba su da injin wanki, saboda haka tufa mai tabo ko wari ba ta hawa hanga, komai kyan sunan kamfanin da ya ɗinka ta. Sabon ɗan sa-kai yakan ji tausayin kaya, ya ce ai wani zai saya. Aikin manaja ne ya nuna masa cewa riga mai kushe guda ɗaya tana zubar da mutuncin goma da ke kusa da ita, kuma wurin da ta tare a kan sandar rataya kaya haya ake biya masa.

Akwai abubuwan da doka ta yi magana a kansu, kuma ya kamata jerinsu ya kasance manne a bango daidai idon mai tantancewa. Kujerar kushin ba ta sayuwa sai da takardar nan ta dindindin da ke nuna ta cika ƙa'idar kariya daga gobara ta 1988. Yawanci a ƙarƙashin kushin take ko a gindin kujerar, kuma mutane da yawa sukan yanke ta da almakashi don ta dame su. Direban da ya je ɗauko kujera daga gidan mamaci sai ya kifa ta ya ga takardar kafin ya ɗora ta a mota, in ba haka ba shagon ne zai biya kuɗin zubar da ita. Kayan lantarki sai wanda ya ƙware ya gwada su ya manna shaida. Kayan wasan yara dole su zama marasa haɗari, shaguna da yawa kuma sukan nemi tambarin CE ko UKCA a jikinsu. Faifan fim sai da alamar shekarun da hukumar tace finafinai ta sa masa, kuma ba a sayar wa yaron da bai kai ba. Hauren giwa an hana cinikinsa tun da dokar 2018 ta fara aiki a 2022, in ban da 'yan abubuwan da aka keɓe kuma aka yi musu rajista. Sannan akwai waɗanda hankali ne ya hana: hular kwano da kujerar jariri ta mota, tun da ba wanda ya san ko sun taɓa shan karo, da magunguna, da kayan kwalliyar da aka fara amfani da su.

Tarin da aka ware gefe shi ne inda ake samun kuɗi ko a yi asararsu ba a sani ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan aiki ana haɗa masa da ƙaramin gilashin ƙara girma. Kayan zinariya da azurfa na Birtaniya suna ɗauke da hatimin ofishin da ya auna su: kan damisa na Landan ne, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham, fure na Sheffield, ganuwa mai hasumiya ta Edinburgh. Lamba 925 na nufin azurfa mai kyau, 375 zinariya ce mai karat 9, 750 kuma mai karat 18. Cokalin da ya yi baƙi ƙirin a gindin kwali yana iya fin duk tufafin da aka sayar a ranar. Haka littafi bugun farko, da faifan garmaho, da kyamarar dā, da tangaran mai tambari a gindinsa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce kada ɗan sa-kai ya sa wa abin da bai gane ba farashi. A duba shafin ciniki na eBay, a kuma kula da kyau: abin da aka riga aka sayar ake dubawa, domin kowa na iya rubuta farashin da ya ga dama a kan abin da ba wanda ya taya. Mai tsada sosai a tura shi sashen intanet na hosfis ko gidan gwanjon masu daraja, inda masu neman irinsa za su gan shi.

Sa farashi kuwa rigima ce da ba ta ƙarewa. Wasu masu saye suna ganin shagon sadaka don talaka aka yi shi, saboda haka komai ya zama fam ɗaya. Amma wanda ya kawo kwat ɗin mahaifinsa ya kawo shi ne don ya zama kuɗin jinya, kuma sayar da kwat na fam 40 a kan fam 3 cin amanarsa ne, dillalin da zai je ya sayar a manhajar Vinted ne kawai ya ci riba. A ɗaya gefen, rigar kantin araha na Primark da aka sa wa kuɗin da ya kusa na sabuwa za ta tsufa a kan hanga, ta kuma sa a riƙa yi da shagon a unguwa. Mafita ita ce takardar jagora a bango mai raba kamfanoni gida uku, na araha da matsakaita da masu tsada, da farashin kowane irin kaya a ƙarƙashinsu, daidai da ƙarfin aljihun unguwar. Shagon da ke cikin masu hali da wanda ke cikin masu ƙaramin ƙarfi ba za su yi farashi ɗaya ba ko da hosfis ɗaya suke yi wa aiki. Ba a taya kaya a kanta, kuma gara a hana kowa yin ragi in ba manaja ba, don kada ɗan sa-kai mai kunya ya riƙa faɗawa hannun masu naci.

Tufa ba ta fita gaban shago sai ta sha tururi. Na'urar tururi ta fi dutsen guga sauri, tana miƙar da yamutsi tana kuma rage warin ajiya. Daga nan sai hanga iri ɗaya, duk suna fuskantar gefe guda, da ɗan ƙwallon roba mai nuna girman rigar a wuyan hangar, da takardar farashi mai ɗauke da lambar makon da aka fitar da ita. Wannan lambar mako ita ce sirrin shagon da ke ciniki. Abin da ya yi mako biyu zuwa huɗu bai tafi ba ana sauke shi, a karya farashinsa ko a tura shi wani reshe. Masu sayen irin waɗannan shaguna mutanen unguwa ne masu leƙowa sau biyu ko uku a mako, kuma ranar da suka gane kayan jiya ne na yau sai su daina shigowa. Sanda kada ta cika har hannu ya kasa ture hanga. Gilashin gaba a sauya shi kowane mako, da launi ɗaya ko jigo ɗaya, a kuma riga lokaci: rigunan sanyi su fito tun watan Satumba, kayan Kirsimetin da aka tara a sito duk shekara su fito a Nuwamba. Mary Portas, masaniyar harkar kantuna, ta nuna wa 'yan ƙasar wannan a wani shirin BBC na 2009, inda ta gyara wani shagon ƙungiyar Save the Children, kuma tun daga lokacin shagunan sadaka da yawa suka daina kama da sito.

Duk wannan aiki 'yan sa-kai ne ke yin mafi yawansa. Akwai 'yan fansho, da matasa masu cike sa'o'in hidima na lambar yabon Duke of Edinburgh, da masu neman aikin da ke son abin rubutawa a takardar neman aiki, da baƙin da ke son gyara Turancinsu, da waɗanda hosfis ɗin ya yi wa nasu jinya. Ba albashi ke riƙe su ba, don haka ba a yi musu tsawa, kuma ba a barin su tsaye ba aikin yi. Manaja mai wayo yakan gano abin da kowa ya iya: tsohon malamin makaranta a ba shi kantar littattafai ta zama tasa, mai son hira a sa ta a kanta, mai jin kunya a bar shi da na'urar tururi. Kuɗin mota da suka kashe kawai ake mayar musu, da rasit, domin biyan wani abu da ya wuce haka na iya sa doka ta ɗauke su ma'aikata masu haƙƙin albashi. Wanda bai kai shekara 18 ba yana da ƙa'idojin kariya na musamman. Wanda kuma rasuwar ba ta daɗe da yi masa ba, hosfis da yawa sukan shawarce shi ya ɗan jira kafin ya fara, saboda buhun kayan wani mamacin na iya tayar masa da abin da bai warke ba. Kai 'yan sa-kai su ga hosfis ɗin da idonsu, ko a gayyato nas ta zo ta yi musu bayani, ya fi kowace takardar godiya ƙarfafa musu gwiwa.

Maganar kuɗi ba a yin ta da kara. Mutum biyu ke ƙirga cinikin rana, su sa hannu. Ma'aikaci ko ɗan sa-kai da ya ga abin da yake so, wani ne zai sa farashin, wani ya karɓi kuɗin, a rubuta a littafi, kuma sai kayan sun fita gaban shago kamar na kowa. Kowane mako manaja ya san abu huɗu: jimillar ciniki, matsakaicin kuɗin abu ɗaya, yawan kayan da aka fitar daga ɗakin baya, da kason cinikin da ke ɗauke da Gift Aid. In ciniki ya faɗi, yawanci na ukun ne ya fara faɗuwa.

Saura buhunan tsumma, kuma a nan labarin ya iso gida. Abin da bai sayu ba ana sayar wa kamfanonin tufafin hannu a kan kilo, su tantance, su ɗaure dila-dila, su tura Gabashin Turai da Pakistan da Afirka. Wani kaso yana sauka a kasuwar Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a farkon Janairun 2025. Wani yana bi ta Kwatano ya ɓullo a kasuwannin gwanjo irin na Ƙofar Wambai a Kano, duk da cewa tufafin hannu suna cikin jerin kayan da Nijeriya ta hana shigowa da su. Ƙungiyar Or Foundation, mai aiki a Kantamanto, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar kowane mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a shara. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya sayi dila bai san abin da ke ciki ba sai ya yanke igiya, saboda haka abin da aka cusa a buhu a ɗakin bayan wani shago a Ingila yana iya zama asarar wani a Accra ko Kano.

Kuɗin tsumma ma ya ragu ƙwarai. Tufafin yayi masu araha sun cika duniya, ingancinsu ya faɗi, masu kaya na kirki kuma sun koma sayar da nasu a waya, har a 2024 ƙungiyar kamfanonin sake sarrafa tufafi ta Birtaniya ta yi gargaɗin cewa harkar na dab da durƙushewa. Manajan da ya san aikinsa ba ya dogara da wannan kuɗi a kasafinsa. Yana fara gwada sandar fam ɗaya ko reshen karya farashi kafin ya sallama kaya ga 'yan tsumma. Abin da zai tafi kuma ya tafi a bushe, takalma a ɗaure ƙafa biyu, jakunkuna da bel a buhunsu daban, jiƙaƙƙe da mai ƙazanta a bola. A auna buhunan a gabansa, a ba shi takardar nauyi da ta shaidar miƙa kaya, ya kuma tambayi kamfanin lasisinsa da ƙasashen da yake kai dilolinsa kafin hosfis ya sabunta yarjejeniya da shi.